Koren Kan Jirgin Baba

Yayana mai fentin mota ne, kuma ko yanzu da ba ma ga-maciji ba zan ce bai iya aikinsa ba. Kai masa ƙofar motar da ta gogu, ya kalle ta sau ɗaya, ya shiga ya haɗa kala, in ya fesa ko mai motar ba zai iya nuna maka inda aka taɓa ba. Matsalarsa ɗaya ce. Tunda ya iya wannan, gani yake duk abin da ke shan fenti a duniya ƙaninsa ne. Wannan girman kan ne ya ci mana kan jirgin Baba.

Baba direban jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya. Da ya dawo gida ya zauna, sa'o'insa wasu suka kama kiwon kaji, wasu zaman karatun jarida, shi kuwa sai ya shige ɗakin baya ya kafa wani tebur da ya cinye rabin ɗakin. Ya shimfiɗa ɗan siririn layin dogo a kai, da tasha, da gada, da ƙananan taragai masu zagayawa in an kunna wuta. Umma ta yi mita har ta gaji, wai da girmansa da furfurarsa ya koma wasan yara. Daga baya ita ce ke tsayawa a bakin ƙofa tana korar jikoki.

Duk abin da ke kan teburin nan ko dai saye aka yi, ko tsoho ne ya gyara, ban da abu ɗaya. Akwai wani kan jirgi na roba, tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsuna, irin wanda Baba ya tuƙa ne sak. A kwali ya zo, gutsi-gutsi, Baba ya yi shekaru yana haɗa shi. Bai ma yarda da aikin kamfanin ba. Inda suka yi son jiki suka zana raga a gefen injin kawai, shi sai ya zauna ya huda ta. Inda suka manta da ƙarfen riƙewa, sai ya lanƙwasa siririyar waya ya sa. Ni ce auta, a gindin teburin nan na yi wayo, ina miƙa masa hantsaki da gam, ina shan faɗa in na numfasa da ƙarfi wani ɗan guntu ya tashi.

Amma bai taɓa yi masa fenti ba. Kan jirgin da ya tuƙa kore ne, wani irin kore da hukumar jiragen ta daɗe da dainawa, hoton da muke da shi kuma baƙi da fari ne. Kullum sai ya ce bari dai ya samo kalar tukuna. Yana nema yana nema har ido ya fara gudunsa.

Hawan jinin ido, in ji likita. A waje ta yi min bayani, ba a gabansa ba. Ta ce gani yana tsukewa ne daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu, bututun kuma yana ƙara matsewa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Magani rage masa gudu kawai zai yi. Baba ba yaro ba ne, ya gane ba sai an faɗa masa ba. Muna hanyar dawowa ya ce min, "Auta, ki yi wa kan jirgin nan fenti in gani."

To, zaɓen fenti ga irin wannan abu ba shiga shago ka ce a ba ka kore ba ne. Fentin ruwa dai Baba ya ce ko kusa, don shi mutum ne mai ɗaukar kayansa yana jujjuyawa, kuma ya taɓa gwada na ruwa a wani tarago ya ga yadda ya saɓule a gefe-gefe. Saura wanda ake sirkawa da tina, ruwan nan mai wari na tsinka fenti. Shi ma iri biyu ne. Akwai fentin mai na 'yan ƙananan gwangwanaye, tinarsa mai sanyin hali ce, yana kwanciya luf a jikin roba ya kama gam, sai dai bushewarsa sai ka haɗa da haƙuri, kwana da kwanaki yana danƙo. Akwai kuma mai zafi, dangin na mota, wanda kafin ka ajiye bindigar feshi ya bushe, ga ƙyalli kamar me. Shi wannan tinarsa cin roba take yi. Ba kowace roba ba, amma irin ta kan jirgin Baba ba ta da ƙarfin jure masa. Gam ɗin da muke manna ta da shi ma narkar da ita yake yi ta haɗe, kuma warinsu ɗaya da tinar mota. Wanda duk ya taɓa haɗa irin wannan abu ya san haka.

Na zaɓi mai sanyi. Na je shagon da ke sayar da irin waɗannan kaya na kwaso kore kala-kala, da rawaya da shuɗi da fari da baƙi na haɗi. Tun ina ƙarama Baba ya koya min cewa ba a gwajin fenti a jikin abin da ake so, a cokalin roba ake yi, irin fararen nan da ake ci a yar, don robarsu ɗaya da ta kan jirgin. Da rana ina kantin maganin da nake aiki, da yamma ina ɗakin baya, taga a buɗe, ina shafa wa cokula fenti har kaina ya yi ciwo. In sun bushe sai in kai wa Baba bakin taga. Ya kai cokali kusa da hancinsa, ya karkata kai yana neman sa da ɗan ganin da ya rage.

"Ya yi duhu."

"Wannan koren ganye ne. Nawa ba ganye ba ne."

"Ya kusa, amma nawa akwai ɗan toka-toka a ciki."

Ni ban taɓa ganin jirgin ba, an daina aiki da shi kafin a haife ni. Lalube kawai nake yi a cikin kan wani. Cokula suka cika kwali.

Ana haka Yaya ya zo gaishe da su Baba ran hutu, ya same ni tsugune a gaban cokula. Ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu yana dariya.

"Auta, gidan abinci za ki buɗe ne?"

Na yi banza da shi. Ya shigo ya ɗauki cokali ɗaya, ya kalla, ya jefa cikin kwalin.

"Duk ba shi ba ne. Ni na san koren nan. Na shiga jirgin nan ina yaro, Baba ya ɗora ni a cinya na danna hon. Ki ba ni abin nan, kafin shayinki ya huce na fesa na dawo da shi."

"Da wane fentin?"

"Da fenti mana. Na mota, mai kyau, ba wannan naki na shafa wa farce ba."

Na tashi na ɗauko wani cokali da na ware a gefe. Da gangan na gwada masa mai zafin tun farko don in tabbatar, ya yamutse kamar ledar da ta ji wuta. Na miƙa masa a hannu.

"Ga abin da na mota ke yi wa wannan robar. Duba da kyau."

Ya juya shi, ya taɓe baki. "Wannan ai hannu ne, ba fenti ba. Kin zuba da yawa. Bambar mota ba roba ba ce? Kullum sai na fesa bamba, wacce ta taɓa narkewa?"

"Robar bamba daban, wannan daban."

"Roba ai roba ce. Ke da kike sayar da maganin tari, yau ke za ki koya min fenti?"

Baba na zaune a kujerarsa yana jin mu. Ya ce wa Yaya, "Babba, ka bar mata. In taimako za ka yi, ka haɗa mata kalar a nata fentin."

Iyakar abin da aka roƙe shi ke nan fa. Ya zauna kusa da ni, ya juya fenti da tsinke a murfin kwalba har kalar ta fito, shi ke nan. Ya ce to, zai duba. Bai taɓa dubawa ba. Girmansa ya fi ƙarfin ya tsuguna gefen ƙanwarsa ya yi aiki da 'yan gwangwanaye. In ba da kwampireso da bindigar feshi ba, shi a wurinsa ba aiki ba ne.

Da na ga lokaci na tafiya, sai na ce bari in rage aiki ko da kalar ba ta samu ba. Na wanke kan jirgin da sabulu, na bar shi ya bushe, na yi masa shimfiɗar farko da masu fenti ke kira firaima, ruwan toka, siririya yadda ko ƙananan kawunan ƙusoshin jikinsa ba su ɓace ba. Ita ma ta mai ce, don haka dole ta daɗe tana bushewa kafin a ɗora wani abu a kai. Na kifa masa kwali saboda ƙura, na huda ramuka don iska, na gaya wa duk mai kunne a gidan kada a taɓa.

Washegari ranar komawa asibiti ce. Likita ta rufe wa Baba idon dama, ta ɗaga hannu tana motsa yatsu a gaban na hagu. Baba ya zauna shiru yana jiran ta fara. Ta kalle ni, na kalle ta. A waje ta ce min na hagu ya tafi, na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, kuma ba za ta yi min alƙawarin komai ba. Muka dawo gida, na ɗiga masa magani, ya ce ya gaji zai kwanta. Ni kuma na wuce ɗakin baya da niyyar yau ko me za a yi sai na samo kalar nan. Na ɗaga kwalin in duba shimfiɗar. Babu komai a ƙarƙashi.

Umma na kicin tana yanka albasa.

"Umma, ina kan jirgin?"

Ba ta ɗago ba. "Yayanki ne ya zo. Ya ce ya ga kin riga kin yi masa firaima, saura feshi kawai, bari ya hutar da ke."

"Kuma kika ba shi?"

"To ni in hana shi? Sana'arsa ce. Ke kin fi wata kina fama da cokula, ga mahaifinku ido yana..." Ta goge fuska da bayan hannu.

Ban tsaya amsa ta ba. Na kira wayarsa ta yi ta ringin bai ɗauka ba. Na sake kira. Na fita ko takalmin kirki ban sa ba, na tare tasi. Duk hanya addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa wata mota ta shigo masa da gaggawa ta ɗauke hankalinsa, Allah ya sa kwampiresonsa ya lalace, Allah ya sa an ɗauke wuta. Ban taɓa yi wa ɗan'uwana fatan asara ba sai ranar.

Garejinsa na ƙarshen layin masu walda, rumfar kwano ce babba, motoci a jere an rufe gilasansu da jarida. Tun daga bakin titi wari ke tarbar mutum. Da na shiga ban ji ƙugin kwampireso ba. Yaya, wanda ko gaisuwa yake yi a waya sai maƙwabta sun ji, yana zaune a kan bokiti a kife, hannayensa a rataye tsakanin gwiwoyinsa.

Kan jirgin na kan murfin wata mota, a tsakiyar rana, bisa guntun kwali. Tun daga nesa na ga koren, kuma ko da yake ban taɓa ganin jirgin ba, na san shi ne. Kore mai ɗan toka-toka a ciki, ba ganye ba, bai yi duhu ba. Abin da na yi wata ina nema mutumin nan ya haɗa shi da safe ɗaya. Wannan ma sai ya ƙara min baƙin ciki.

Na matsa kusa. Fatar jikinsa gaba ɗaya ta yamutse. Kawunan ƙusoshin da Baba ya manna ɗaya bayan ɗaya da bakin allura sun narke sun koma ƙuraje. Ragar gefen injin ta toshe. Gilasan taga sun yi fari fat. Rufin ya lotsa a tsakiya. Sai ƙofar ɗakin direba, wadda Baba ya yanke da reza ya yi mata ɗan hinji na waya don ta riƙa buɗewa a ga kujerarsa a ciki. Ta narke ta haɗe da jikin, ko layinta da ƙyar ake gani.

"Yaya, me ka yi?"

"Ki tsaya ki ji. Zubin farko lafiya lau ya kwanta. Can sai na ga yana ɗan tattarewa, na ce bari in ƙara mai kauri ya rufe."

"Ka ƙara."

"A mota in fenti ya yi haka..."

"Ka ƙara, sannan me?"

"Sai na fito da shi rana don ya bushe da wuri."

"Ka ƙara, sannan ka gasa shi."

Ni ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba. Shi ya riƙa kai ni makaranta a bayan keke, shi ya ɗauke ni a kafaɗa ranar da na taka kwalba. Amma ranar nan bakina ya ƙi tsayawa. Na ce na nuna maka cokali ko ban nuna maka ba? A hannunka na sa maka, da idonka ka gani. Baba da bakinsa ya ce ka bar min, ko shi ma maganin tari yake sayarwa? Na ce an roƙe ka abu ɗaya, ka haɗa kala, abin da Allah ya ba ka, ka ƙi, don kada a ce ka yi wa Auta ƙaramin aiki. Ka jira sai da na kai Baba asibiti ka lallaɓa ka ɗauka. In ka san gaskiya kake yi, me ya hana ka ɗauka ina nan?

Mai walda na kusa ya kashe injinsa.

"Ki rage murya," in ji Yaya. "A wurin aikina muke."

"Shi ma ɗakin baya wurin aikin Baba ne, ka shiga ka ɗauka."

Ya miƙe tsaye, ya shafa kai. "Zan goge shi da sanfefa in sake."

"Ka goge me? Ba fentin ne ya lalace ba, jikin ne ya narke. Za ka goge ka tarar da me a ƙasa?"

"To a sayo wani. Ko nawa ne ni zan saya."

"Sai Baba ya haɗa da wane idon?"

Nan ya kau da kai. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, ashe dabara yake ƙullawa. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Auta, ji nan. Akwai mai gilashi a bayanmu, yanzu zan sa ya yi masa akwati a rufe ruf. Baba ba ya gani sosai. Kalar kawai zai gani, kuma kalar ta yi, ke ma kin san ta yi. In yana cikin gilashi ba zai taɓa ba. Ba sai ransa ya ɓaci ba."

Wallahi da gwangwanin tina na kusa da hannuna da ban san abin da zan yi ba.

"Wato makantar ubanka ce za ta rufa maka asiri."

Ya ja da baya kamar na mare shi. Ban janye ba, har yau ban janye ba. Na ɗauki kwalin da kan jirgin a kai, a hankali don fentin bai gama kamewa ba. Ya ce in shiga motarsa ya kai ni, na wuce shi na tare tasi. Direban ya sauke gilasai saboda wari, yana ta leƙen abin da ke cinyata ta madubi. Da na waiga sai na ga motar Yaya a bayanmu, haka ya bi mu har gida.

A tsakar gida Umma ta tare ni. Ta kalli kan jirgin, ta kalli ɗanta da ya shigo bayana ya yi tsuru-tsuru, ta dafe ƙirji. Ita ba ta san fenti ba, amma ta yi shekaru tana share ƙura a kusa da abin nan, ta san kamanninsa.

"Innalillahi. A ɓoye shi tukuna," ta ce da raɗa. "A ce masa bai bushe ba. In an kwana biyu sai a san abin yi."

"Har zuwa yaushe, Umma? Na hagu ya tafi, yau likita ta faɗa min. In muka ɓoye, ranar da za mu fito da shi ko koren ba zai gani ba."

Umma ba ta san da maganar na hagun ba. Ta nemi bakin baranda ta zauna. Na ji zafin yadda na faɗa mata, amma a lokacin duk wanda ya tsaya a gabana sai ya samu rabonsa.

Ba mu ma gama shawara ba muka ji muryar Baba daga ɗakin baya. Ya tashi, ya lalubo hanya ya koma kujerarsa.

"Warin tina nake ji. Auta, an yi ne?"

Muka kalli juna. Yaya ya miƙo hannu ya karɓi kwalin daga wurina.

"Ni zan kai."

Na sakar masa. Ba don na tausaya masa ba, so nake ya tsaya a gaban abin da ya yi.

Baba na zaune a gindin taga, hasken yamma na shigowa ta bayansa. Yaya ya tsaya ɗan nesa, ya ɗaga kwalin cikin hasken. Baba ya karkata kai, ya juya fuska a hankali yana nema da idon dama, ya wuce shi, ya dawo. Sai ya samu. Na ga fuskarsa ta buɗe.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne. Wa ya haɗa?"

"Ni ne, Baba."

"Ai dole. Kai ka shige shi." Ya yi dariya, irin dariyar da rabon da in ji ta tun kafin mu fara zuwa asibiti. "Haka yake da safe in an wanke shi an fito da shi daga rumfa, ruwa na ɗiga. Haka ɗin nan. Sauran direbobi har tsokanata suke yi, wai na fi kula da shi a kan matata. Ina Ummanku? Ta zo ta gani."

Umma na bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafinta. Ni kuwa na tsaya ina jin dariyar nan tana cina, don na san abin da ke biye.

"Matso da shi."

Yaya bai motsa ba. "Bai gama bushewa ba, Baba."

"Na ce ka matso da shi. Ni zan koya wa wani inda ake riƙe shi."

Ya kai masa. Baba ya sa hannu biyu ya ɗauke shi ta ƙasa, ta wajen tayoyin, ya ɗora a cinya. Babban yatsansa ya bi gefen injin ya nufi inda ragar take. Ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi. Murmushin bai bar bakinsa nan take ba, ya ɗan jima a wurin shi kaɗai. Yatsunsa suka hau rufin, suka faɗa inda ya lotsa, suka sauko. Sannan ya kai farce gefen ɗakin direba, daidai inda ƙofar take, bai ko yi lalube ba. Ya ɗan ja. Ya sake ja.

"Ƙofar ta kama."

Ya ɗago kai wajena.

"Auta, fenti ne ya riƙe ta? Miƙo min reza."

Yaya ya juyo ya kalle ni. Ƙaton mutum, idonsa ya cika, yana roƙona da ido in ce eh, in ce fenti ne, in ce gobe za a duba. Da na faɗi haka da Baba ya yarda, don ban taɓa yi masa ƙarya a ɗakin nan ba.

"Ba fenti ba ne, Baba. Robar ce ta narke. Na mota aka fesa masa."

Baba ya sake shafa ƙofar. Can ya ce, "Za ta gyaru?"

"A'a."

Yaya ya durƙusa a gaban kujerar. "Baba, ni ne na..."

Baba ya ɗaga hannu ɗaya, bai ma juya wajensa ba, Yaya ya haɗiye sauran. Na so ya yi faɗa. Na so ya zage shi tas, ya kore shi daga ɗakin, ko ni ma ya haɗa da ni ya ce na cika jan jiki. Da ya yi haka wataƙila da na huce. Sai kawai ya ɗaga kan jirgin kusa da idonsa na dama, ya juya shi cikin haske, ya daɗe yana kallon koren.

"Ku je," ya ce. "Kun tare min haske."

Muka fito. A bakin ƙofa Yaya ya ce, "Auta." Na raɓa ta gefensa kamar ban ji ba. Kafin in ja ƙofar na waiga. Baba ya mayar da kan jirgin cinyarsa, ya sunkuyar da kai, yana ta gwada ƙofar nan da farce, a hankali, kada ya ɓalle ta.